Atine, Matar da Ta Kwance Ɗanta Daga Turke

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka rasa yayata Atine. Ta rasu ana tsakiyar girbin gero, a ɗakinta da ke ƙauyenmu arewa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ba ka sanin inda ta wani ta ƙare sai ka ga layin lalle ko gamba. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Babu jaridar da ta ba da labarin rasuwarta, kuma ban ga laifin kowa ba. Amma duk shekara idan gero ya nuna sai in ji ina son mutane su san abin da matar nan ta yi, kuma bana na ce ba zan ƙara ɗagawa ba.

Ni ce ƙanwarta, Larai. Malamar firamare ce ni, har na fara hango ritaya. A tsawon aikina na zauna a gaban masana da dama suna bayanin yadda lada da horo suke gina halin yaro, na kuma ƙaru da su. Sai dai wurin da na ga abin da idona, daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne tsakar gidan Yaya Atine.

Ɗanta na fari sunansa Auwalu. An haife shi lafiya, kyakkyawan yaro mai manyan idanu. Sa'o'insa suka fara magana, shi bai fara ba. Ba ya kallon idon mutum. A kira shi ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne, don yana jin ƙarar guga a rijiya tun daga nesa. In yana son abu sai ya ƙwalla ihu, ya faɗi ƙasa, ya riƙa buga kansa da bango. In kuwa ya sami ƙofa a buɗe, to a guje zai nufi rijiyar da ke bakin gona. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi wanka da saiwoyi iri-iri. Yanzu nakan ji likitoci a rediyo suna bayanin lalurar da ake kira galahanga, kuma abin da suke faɗa ya yi kama da nasa sosai, amma babu likitan da ya duba shi a wancan lokacin, don haka ba zan yanke hukunci ba.

Mahaifinsa, Malam Iro, ba mugu ba ne. Manomi ne mai tsoron Allah, da tsumagiya aka rene shi, ya kuma yarda cewa da ita ake gyara yaro. Duk sa'ad da Auwalu ya yi ihu sai ya zane shi. Yaron ya koyi darasi kuwa, amma ba wanda ake son ya koya ba. Ya koyi yin shiru da zarar ya ji gyaran muryar ubansa a zaure, ya ci gaba daga inda ya tsaya da zarar ya fita. Ya koyi gudun duk wani namiji mai hula. Ita kuwa kakarsa ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Inna, tausayi ne ya yi mata yawa. Da ya fara ihu za ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwayar sukari ta sa masa a baki. Tsakanin tsumagiyar uba da sukarin kaka yaro ya kai shekara bakwai, abin yana gaba ba ya baya. Ranar da wani mai kiwo ya cafko shi a bakin rijiya, rabin jikinsa ya riga ya leƙa ciki, ranar aka ɗaure masa igiya a ƙafa, aka kafa masa turke a gindin darbejiyar tsakar gida, kusa da na awaki.

A haka na tarar da shi da na zo hutu daga kwalejin horon malamai. A zangon nan an koya mana wani ɓangare na ilimin halayyar ɗan Adam wanda ya tsaya mini a rai. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, duk aikin da abu mai daɗi ya biyo bayansa, mai yin sa zai ƙara yi. Aikin da ba ya jawo komai kuwa, a hankali yake mutuwa. Horo yana tsayar da aiki, amma sau da yawa sai mai horon yana wurin, kuma ba ya nuna wa wanda aka hora abin da zai yi a maimakonsa. Malaminmu ya ba mu labarin yadda masana suka gwada haka da ɓeraye da tattabaru, suka koya musu danna wani ɗan ƙarfe don tsaba ta zubo.

Na kwana biyu ina kallon gidan, sannan na sami Yaya tana murza tunkuza, na ce, "Yaya, ihun yaron nan fa ku ne kuke ba shi lada a kansa. Ya yi ihu, sukari ya zo. Me zai sa ya bari?" Da ƙuruciya da ɗokin sabon karatu, har labarin ɓerayen na ba ta.

Ta ɗago ta dube ni, hannunta duk mai. Ta ce, "Larai, yaron nan kike haɗawa da ɓera?"

Ta sunkuya ta ci gaba da murzarta. Amma Yaya mace ce da in magana ta shiga kunnenta ba ta fita sai ta juya ta ta kowane gefe. Bayan 'yan kwanaki ita da kanta ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Na lura. Ran da Inna ta tafi barka maƙwabta bai yi rabin ihun da ya saba ba. Maganarki da gaskiya. To amma ki gaya mini, in mun hana shi ihu, da me zai roƙa? Shi ba baki gare shi ba. Ƙishirwa za ta kashe shi yana kallonmu?"

Muka zauna muka yi ta shawara har muka tsaya a kan cewa kafin a rufe masa wata ƙofa sai an buɗe masa wata. In yana son ruwa ya taɓa moɗa. In yana son abin taunawa ya buɗe tafin hannunsa. Ni na kawo abin da na karanta, cewa a fara da ƙaramin abin da yaro zai iya, kuma ladan ya zo nan take. Ita ta kawo sanin ɗanta. Ta san lokacin da ƙishirwa ke kama shi, ta san yadda yake murza kunne kafin ihu ya fito, ta san ƙulin da ya fi so, mai ɗan yaji-yaji.

Da farko ko kallon moɗar ya yi, sai ta miƙa masa ruwa kafin ya kawar da ido. Da ya saba da haka sai ta jira ya miƙa hannu. Daga nan sai ya taɓa. Daga nan sai ya ɗauko ya kawo mata. A baki abin da sauƙi. A aikace kuwa, mace ce da ke daka, tana niƙa, tana suya, tana goyon ƙanwarsa, amma ido ɗaya kullum yana gindin darbejiya, da ɓarin ƙuli a ƙulle a gefen zane, don kada yaro ya yi daidai ladansa ya makara.

Akwai abin da ya fi wannan yi mata wuya. Na gaya mata cewa ƙuli kaɗai ba zai ɗore ba, sai ta haɗa da yabo, ta yadda wata rana yabon zai tsaya da ƙafarsa ko babu ƙuli. Ita ma ta lura cewa yaron ba ya gane da shi ake magana. To Auwalu ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta yabe shi. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ina tsakar gidan ranar da ya ɗauko moɗa ya kawo mata, ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce da ƙarfi, "Auwalu! Madalla, Auwalu!" Matan da ke daka suka tsaya da taɓare a sama. Kafin yamma magana ta zaga unguwa cewa Atine ta zubar da kunya. Mahaifiyarmu ma sai da ta aiko a ja mata kunne. Amsar da Yaya ta mayar ita ce, "A gaya wa Iya kunyar tana nan, na ajiye ta ne. In ya koyi roƙon ruwa na ɗauko abata."

Masu karatu kada su zaci daga nan komai ya miƙe. Da aka daina ba shi sukari a kan ihu, ihun ƙaruwa ya yi, ya ninka. Haka abin yake, kuma kowace uwa da za ta gwada ya kamata ta san da wannan tun farko. Yaro ya saba ƙofa tana buɗewa in ya buga, ran da ta ƙi buɗewa ƙara ƙarfin bugu zai yi kafin ya haƙura. Buga kai da bango kuwa ba abin da za a ƙyale ba ne. Abin da Yaya take yi shi ne ta sa cinyarta tsakanin kansa da bangon, ta kawar da fuska, ba faɗa ba lallashi, har ya gaji. Da ya yi shiru ko na ɗan numfashi ne, sai ta juyo da fara'a. Na ga cinyar nan da idona, duk ta yi baƙi-baƙi.

Inna kuwa ta kasa jurewa. Takan daure, ta daure, in ihun ya kai mata iya wuya sai ta faki ido ta sa masa sukarin. Wannan ya fi ba shi kullum illa. Wanda ya taɓa tsintar ƙwan zabi a wani kurmi, ko da sau ɗaya ne, ba ya ƙara wuce kurmin nan bai leƙa ba. Auwalu ya gane cewa in ya dage, wata rana sukari zai zo, sai ya dage. Ni da zafin kaina na ce a gaya wa Inna ta daina kawai. Yaya ta ce ba a yi wa suruka haka, kuma ko an yi ba za ta ji ba. Sai ta je ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, ke ya fi yarda da ke a gidan nan. Sukarin naki ne, ke za ki riƙa ba shi. Roƙona ɗaya, ki jira ya buɗe miki hannu." Tsohuwa ta ji an ba ta girma, ta karɓi aikin da hannu biyu. Daga baya ita ce ma take yi wa jikokinta faɗa in sun ba shi abu yana ihu.

Ana cikin wannan tsanani ne abin ya kusa rushewa. An yi suna a gidan, maza sun taru a ƙofar gida, Auwalu ya ga huluna sun yi yawa ya rikice, ya tsinke igiya, ya fasa randa, ya ciji wani baƙo da ya yi ƙoƙarin riƙe shi. Yayan Malam Iro, Alhaji Sale, shi ne babba a gidan, maganarsa ce ƙarshe. Washegari da safe ya ce ya yanke shawara, za a kai yaron wani gida a gefen birni inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa har su natsu.

Yaya ta yafa mayafi ta je bakin zaure ta durƙusa. Ina bayanta. Ta ce, "Alhaji, ku bar mini shi zuwa kaka. In an cire gyaɗa bai sauya ba, ni da kaina zan ɗaure masa kayansa. Amma daga yau zuwa ranar, ina roƙon arziki kada wanda ya ƙara dukansa."

Malam Iro da ke zaune gefe ya ce, "In na bar dukansa me zan yi? In zuba masa ido ya lalace?"

Ta ce, "Malam, in ya kawo maka moɗa ka ba shi ruwa. Aikinka ke nan."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce, "Zuwa kaka. Ba don na yarda ba, don dai kada a ce na raba uwa da ɗa ban saurare ta ba."

Hutuna ya ƙare na koma makaranta. Abin da ya faru a daminar nan aikinta ne ita kaɗai, kuma a nan ne ta gano abin da ya fi komai amfani. Ta tambayi kanta me yake kai yaron rijiya. Sai ta lura ba gudun gida yake ba, ruwan yake so. Yana son ya ga ruwa yana zuba, yana son ƙararsa. Abin da kowa ya ɗauka shi ne babban haɗari sai ta mai da shi babban lada. In ya zauna ya ci abinci da hannunsa, sai ta ba shi buta ya zuba wa awaki ruwa a kwatarniya. Ta fara fita da shi rijiyar da kanta, tana riƙe da hannunsa. In ta ce "tsaya" ya tsaya, su ci gaba. In ya fizge, su juyo gida, ba duka ba zagi, a sake gobe. Yaro ya gane cewa hanyar rijiya tana bi ne ta tafiya a gefen uwarsa. Gudu ya ragu. Ta fara kwance igiyar da safe, daga baya har zuwa azahar.

Na dawo ana tsigar gyaɗa. An baza tabarmi a ƙofar gida, mata da yara sun kewaye tarin gyaɗar, Alhaji Sale yana zaune kan kujera a inuwa yana duba aiki. Ga Auwalu a cikin mutane, ba igiya, yana tsigar gyaɗa ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a ƙwarya. Ba ya sauri, ba ya kallon kowa, amma bai tashi ba har ƙwaryar ta cika. Yaya ta ce, "Auwalu, kai wa Baba."

Gabana ya faɗi, don Alhaji da hularsa a kai yake. Yaro ya ɗauki ƙwarya da hannu biyu, ya taka har gaban kujera, ya ajiye. Sannan ya buɗe tafin hannunsa ya tsaya.

Alhaji ya dubi mutane ya ce, "Me yake so?"

Inna ta ce, "Ladansa yake jira mana. Ka sa wa yaro albarka."

Alhaji ya laluba aljihu ya sami dabino ya sa masa a hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Auwalu ya dubi dabinon, ya dubi gemun Alhaji, ya ce, "Ba-ba." Ashe Yaya ta shafe damina tana koya masa kalmar, ba ta gaya wa kowa ba. Alhaji ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska. Babu wanda ya ƙara tayar da maganar mari. Da la'asar Malam Iro ya girgiza turken nan ya tumɓuke shi ya jefa cikin itacen girki, washegari Yaya ta soya ƙuli da shi.

Ba zan ce muku Auwalu ya zama kamar kowa ba. Har yau kalmominsa ba su da yawa, har yau ba ya son taro. Amma a shekarun da suka biyo baya, da wannan hanya ta ɗan mataki da ɗan lada, ya koyi wanka, ya koyi sa kaya, ya koyi alwala, ya koyi bin sahu a masallaci. Ya koyi yankan ciyawa da ba dabbobi dusa. A hankali Yaya ta janye ƙulin, ya rage sai yabo, daga baya yabon ma ya zama jefi-jefi, don aikin da kansa ya fara yi masa daɗi. Kuma kada a ce ba ta horo. In ya yi jifa da buta, takan ɗauke butar ta ɗan wani lokaci, fuskarta ba yabo ba fallasa, sannan ta dawo masa da ita ya sake gwadawa. Horonta gajere ne, ba ya zafi a jiki, kuma kullum akwai hanyar gyara a ƙarshensa.

Da ciwon ƙoda ya kama ta, ƙafafunta suka fara kumbura, sai ta shiga wani aikin da a ganina ya fi na farko zurfi. Ta ce mini, "Larai, ba na son ya zama ni kaɗai yake yi wa. In na tafi fa?" Ta fara ja da baya da gangan. Ta sa ubansa ya riƙa aikensa. Ta sa ƙanwarsa Rabi ta riƙa yaba masa. Takan zo gidana a Ɗambatta ta wuni, daga baya ta kwana, don ya saba da tashi bai gan ta ba. Tana zaune a ɗakina hankalinta yana gida, amma ba ta komawa sai lokacin da ta ɗiba ya cika.

Duk da haka, da ta rasu sai da muka ga tashin hankali. Bayan masu zaman makoki sun watse, Auwalu, saurayi da gemunsa, ya tsaya ƙofar ɗakinta ya ƙwalla irin ihun da muka manta da shi, ya fara buga kai da ƙyaure. Wani daga cikin dangi ya ce a nemo igiya kafin ya ji wa wani ciwo. Alhaji Sale, ya tsufa a lokacin, ya daka wa mai maganar tsawa ya ce ba a gidan nan ba. Malam Iro ne ya je ya rungume ɗansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya gane cewa wannan ihun ba roƙon komai ba ne, kukan rashin uwa ne, kuma ba a kawar wa mai kukan uwa fuska. Ya riƙe shi har ya lafa, sannan ya ce, "Auwalu, awaki ba su sha ruwa ba." Auwalu ya tsaya jim, ya je ya ɗauki bokiti. An yi makonni ana haka, yau daɗi gobe wuya, amma abin da ta gina bai rushe ba.

Nakan tambayi kaina, da Yaya za ta leƙo yau me za ta ce. Ina jin za ta fara da wayar hannu. Na sha ganin uwa a motar Kano, yaro ya fara rigima ta miƙa masa waya ya yi shiru, kowa ya sami sauƙi. Yaya za ta gane abin nan da kallo ɗaya, sukarin Inna ne ya sauya kama. Za ta kuma yi mamakin shagunan cacar ƙwallo da suka cika gefen titi daga Ɗambatta har Ungogo, inda samari ke komawa kullum saboda sun taɓa ci sau ɗaya. Masu waɗannan sana'o'i sun san yadda lada ke kama zuciya sarai, sun kuma yi amfani da sanin. Mu iyaye da malamai ne muka tsaya a kan bulala, muna mamakin yadda yara suke natsuwa a gabanmu su zama wasu a bayanmu.

Amma akwai abin da zai faranta mata. Yanzu ana maganar irin lalurar ɗanta a fili, ba a ɓoye ta kamar da. Mata daga ƙauyukan kusa, Musulmi da Kirista, sukan zo wajen Rabi da yaransu su ce a nuna musu yadda aka yi da Auwalu. Rabi ba likita ba ce, takan ce musu su je asibiti tukuna, sannan ta zauna da su ta tambaye su abin da yaron ya fi so a duniya, don daga nan ake farawa. Shi kuwa Auwalu, shi ke riƙe da kiwon gidan gaba ɗaya. Ragunansa in an kai su kasuwar Ɗambatta ba sa daɗewa a kara. Mijin Rabi ke yin ciniki, shi yana tsaye yana shafa wuyansu har a tafi da su.

In aka ce in auna abin da ta bari, ba zan ce dabara ba, don dabarar tana cikin littattafai tun kafin a haife ta. Abin da ta bari shi ne gida guda da ya sauya yadda yake kallon mutum. Gidan da a da yake jiran yaro ya yi kuskure a hukunta shi, ya koma yana jiran ya yi daidai a yaba masa. Ban san zurfin da abin ya yi ba sai bara, da ɓarin jikin Malam Iro ya shanye.

An sallamo shi daga asibiti aka ce ya riƙa motsa ƙafa, ya ƙi. Ya kwanta ya juya wa mutane baya, ya ce shi tasa ta ƙare. An yi lallashi, an yi faɗa, an kawo abokansa sun yi masa nasiha, duk a banza. Likita kuma ya ce a rage masa goro, shi da bai iya wuni ba goro, sai ransa ya ƙara ɓaci. Wata safiya Rabi ta fito ta tarar Auwalu ya ajiye kujera 'yar tsugune nesa kaɗan da gadon ubansu, ya zauna a kai, ya ɗora ɗan ɓarin goro a gwiwarsa. Babu wanda ya sa shi. Malam ya miƙo hannu ya ce a ba shi, Auwalu ya ce, "Zo."

Malam ya ce, "Wai ni yaron nan zai yi wa haka? Rabi, kina gani?"

Rabi ta ce, "Ina gani, Baba. Ni ba ruwana."

Ya yi mita, ya yi tsaki, daga ƙarshe ya dafa bango ya ja ƙafa ya isa. Auwalu ya sa masa goron a hannu. Washegari kujerar ta ƙara nisa. Daga ɗaki ta fito tsakar gida, daga tsakar gida ta kai zaure, daga zaure ta fita waje. In tsohon ya gaji ya kasa, sai Auwalu ya matso da kujerar kaɗan yadda zai iya kaiwa.

Da na je gida a girbin bana don mu yi wa Yaya addu'a, an kira la'asar ina ƙofar gida. Sai ga Malam Iro ya fito da sanda, yana jan ƙafar hagu, Auwalu yana gefensa bai riƙe shi ba. Babu kujera, babu goro. Maza da ke alwala suka tsaya suna kallo. Tsohon ya taka har ƙofar masallaci da ƙafarsa, ya tsaya yana haki, ya juyo ya dubi ɗansa. Auwalu ya sunkuya ya cire masa takalmi, ya jera su kusa da nasa, suka shiga sahu tare.

Allah ya haskaka kabarinki, Atine, ya ba ki ladan da ba ya yankewa.